Bitar fre:ac: manhajar sauya fayilolin sauti tsakanin Windows, Mac da Linux, da inda ƙarfinta ya tsaya

Matsalar kusan kullum salonta ɗaya ne. An naɗi lacca ko hira a wata kwamfuta, an tura wa mai amfani da wata iri, sai fayil ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe amma sunan mai magana ya koma alamomin tambaya, ko nauyinsa ya hana shi wucewa ta imel. Mai Windows ya aiko da WMA, mai Mac ya rasa abin da zai kunna shi da shi. Mai Mac ya aiko da AIFF na ɗaruruwan megabait. Wani kuma ya kwaso saƙon murya daga WhatsApp mai wutsiyar .opus, rediyon mota ta ce ba ta san zancen ba.

Domin irin wannan aka yi fre:ac. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke ƙarƙashin lasisin GPL, kuma Robert Kausch ne ke kula da ita tun 2001, lokacin da ake kiranta BonkEnc. A 2010 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu, jerin 1.1 kuma ya fito a 2020. Tana aiki a Windows, macOS, Linux, FreeBSD har da Haiku, da fuska iri ɗaya a ko'ina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ke aiki tare a kan kwamfutoci mabambanta: saitin da aka koya wa mutum ɗaya, shi ne na kowa. Hukuncinmu a kanta shi ne, in aikin na tarin fayiloli ne da ake so a juya su gaba ɗaya, da wuya a sami wadda ta fi ta sauƙi a cikin na kyauta. Amma ba ta zaɓar maka tsarin da ya dace, kuma a wurin zaɓin ne yawancin ɓarna ke faruwa.

Yadda aikin yake

Fuskarta ta tsufa, babu ɓoye-ɓoye. Ba ta yi kama da manhajojin Mac ba, ba ta yi kama da na sabuwar Windows ba, ƙananan maɓallai ne jere a sama da dogon jerin fayiloli a tsakiya. Bayan minti goma ido ya saba. Za ka jawo fayiloli ko folda sukutum ka saka a jerin, ka zaɓi injin matsewa daga ƙasa, ka nuna foldar da sababbin za su sauka, ka danna maɓallin farawa. Tana karantawa tana kuma rubuta MP3, AAC a cikin M4A, FLAC, Opus, Ogg Vorbis, WAV, WavPack da wasu. Na MP3 ɗin da LAME take yi, wanda shi ne injin da aka fi yarda da shi a wannan fage. A Mac tana amfani da injin AAC na Apple, kuma shi ma yana cikin mafi kyau.

Sauri kam ba a magana. Tana raba fayiloli ga duk ƙwayoyin firosesa a lokaci guda, kuma tana da dabarar da suka kira SuperFast, wadda ke yanka fayil guda ɗaya mai tsawo ta rarraba wa ƙwayoyin, sannan ta haɗe. Amfanin wannan yana fitowa ne idan abin da ke hannunka naɗi ɗaya ne na awa uku, inda wasu manhajoji za su bar ƙwaya ɗaya tana gumi sauran suna zaune.

Akwai zaɓin goge fayilolin asali bayan an gama. Kada a taɓa shi. Dalili yana tafe.

Wane tsari, kuma don wa

Tsare-tsaren sauti kashi uku ne, kuma duk wanda bai rarrabe su ba zai yi ta juya fayiloli yana lalata su bai sani ba. Akwai ɗanyen sauti wanda ba a matse ba: WAV, da Microsoft da IBM suka fitar a 1991, da AIFF na Apple tun 1988. Abin da ke cikinsu ɗaya ne, bambancin kawai yadda aka jera bait-bait ne da irin bayanin da ke kan fayil. Akwai matsewar da ba ta zubar da komai, wato FLAC da ALAC: kamar ninke tufa ne, in an warware za ta dawo yadda take cif. Sai matsewar da ke zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura da shi ba: MP3, AAC, Vorbis, Opus, da WMA da aka saba gani. Abin da waɗannan suka zubar ya tafi ke nan.

Lissafin girma ba shi da wuya. Sautin faifan CD ana ɗaukar samfurinsa sau 44,100 a sakan, kowane samfuri bit 16, a layi biyu na hagu da dama. In aka ninka, kilobit 1,411 ke nan a sakan, wato kusan megabait 10.6 a minti, kusan 635 a awa. FLAC kan rage wannan zuwa tsakanin rabi da kashi biyu bisa uku, gwargwadon irin sautin. MP3 mai kilobit 128 yana cin megabait 57.6 a awa. Mai kilobit 64 a layi ɗaya, 28.8. Opus mai kilobit 32, 14.4 kacal, kuma in magana ce zalla, muryar tana fita tsaf.

To me ya hana kowa komawa Opus? Na'urori ne. An tsayar da ƙa'idarsa a 2012, burauza da wayoyin Android da manhajar kunna sauti ta VLC duk sun san shi, amma rediyon mota, tsofaffin na'urorin kunna sauti da wasu manhajojin gyaran sauti ba su san shi ba. Idan ba ka san da me mai karɓa zai saurara ba, MP3 ne amsar, duk da cewa ya tsufa kuma AAC da Opus sun fi shi inganci a ƙaramin girma. Haƙƙin mallakar fasahar MP3 ya ƙare a 2017, shi ya sa yanzu ko rabe-raben Linux masu tsantseni suna zuwa da shi. A fre:ac, ga waƙa ko kiɗa, a sa LAME a matakin V2, wanda ke kaiwa kusan kilobit 190. V0 yana kaiwa kusan 245, mafi yawan kunnuwa kuma ba za su ji bambanci ba. Ƙarshen MP3 shi ne 320, kuma ga murya zalla wannan almubazzaranci ne. Ga lacca, karatu ko hira, kilobit 64 a layi ɗaya ya wadatar.

Abu ɗaya game da V2 da 'yan'uwansa: yawan bit ɗinsu yana hawa yana sauka gwargwadon wuyar sautin, saboda haka na'ura tana dogara da wani ɗan bayani a farkon fayil don ta san tsawonsa. LAME yana rubuta shi, amma wasu tsofaffin na'urori ba sa karantawa, sai ka ga fayil na minti arba'in an nuna shi a matsayin awa biyu, ko ka tura gaba ya faɗa wani wurin daban. In na'urar mai karɓa irin wannan ce, a sa yawan bit tsayayye, 128 ko 192.

Idan kuwa fayil ɗin za a ci gaba da aiki a kansa ne, a yanka, a haɗa, a gyara, to FLAC ko WAV. A nan akwai wani tarko na Apple. Windows 10 tana kunna FLAC da kanta, Linux tun fil azal, macOS ma tun High Sierra a 2017 tana buɗe shi, amma manhajar Music, magajiyar iTunes, ba ta shigar da FLAC cikin ma'ajiyarta. Wanda ke tara sautinsa a can, ALAC za a ba shi. Tun 2011 Apple ta buɗe lambobin ALAC, kuma juyawa daga FLAC zuwa ALAC ko akasin haka ba ya rage ko ƙwayar zarra. Sai dai a lura, wutsiyar .m4a mazubi ne kawai: tana iya ɗauke da ALAC, tana iya ɗauke da AAC. Girman fayil ne zai fara gaya maka wanne ne.

Ɓarnar da ba ta gyaruwa

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Duk lokacin da aka juya MP3 zuwa AAC, ko Opus zuwa MP3, manhaja tana warware sautin ne ta sake matse shi, injin na biyu kuma ya zubar da nasa kason a kan wanda na farko ya zubar. Zagaye ɗaya da yawan bit mai kyau ba a cika ji ba. Zagaye uku ko huɗu, haruffan "s" da "sh" su fara tsiyaya kamar ana magana ta cikin ruwa, ƙarar kuge da tafi su dagule. Saboda haka a riƙe na asali, kowane sabon tsari a fitar da shi daga na asalin kai tsaye. Shi ya sa muka ce kada a taɓa zaɓin gogewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar MP3 mai kilobit 128 a mayar da shi 320, ko FLAC, da tunanin an ƙara masa inganci. Fayil ya kumbura, sauti yana nan yadda yake ko ma ya ɗan ragu. A nan fre:ac ta yi abin a yaba: in ka nemi juya fayil mai asara zuwa tsari mara asara, tana fito da gargaɗi kafin ta fara. Ba ta hana ka, domin akwai lokacin da hakan ke da amfani, misali in manhajar gyara ba ta karɓar Opus, sai a mayar da saƙon muryar WAV a yi aiki a kansa. Amma tunatarwar tana ceton mutane da yawa.

Kuma sau tari ma babu buƙatar juyawa. Fayil ɗin M4A daga na'urar naɗin murya ta iPhone yana buɗewa a Windows da Linux da Android ba tare da an taɓa shi ba. In yana buɗewa a wurin mai karɓa, a bar kaza cikin gashinta.

Ga masu ajiye sauti na dogon lokaci, akwai shafin tantancewa a cikin saiti. FLAC yana ɗauke da sa hannun MD5 na ɗanyen sautin da ke cikinsa, fre:ac kuma tana iya duba fayil ɗin da ya shigo ko ya lalace a hanya, ta kuma sake warware wanda ta fitar don ta tabbatar ya yi daidai da na asali. Yana ƙara ɗan lokaci, amma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Tana kuma kwafe faifan CD, ta nemo sunayen waƙoƙi daga rumbun intanet, sababbin fitowarta har suna gwada kwafin da AccurateRip, rumbun da ke nuna ko kwafinka ya yi daidai da na wasu da suka kwafi faifan.

Sunaye da bayanan da ke manne

Sautin kansa ba shi ne ya fi ba da wahala tsakanin kwamfutoci ba. Rubutun da ke tare da shi ne. Kowane tsari da irin yadda yake ajiye sunan mai magana, take da shekara: MP3 yana da ID3, FLAC da Opus suna da nasu na gidan Vorbis, M4A da nasa. fre:ac tana kwashe bayanan daga wannan ta zuba a wancan, har da hoton bango, kuma tana yin hakan da kyau. Inda ake tuntuɓe shi ne tsarin haruffa. ID3 na farko yana da gurbin harafi 30 kacal ga take, kuma bai san komai ba sai haruffan Yammacin Turai. ID3v2.3 yana karɓar ISO-8859-1 ko UTF-16, sai 2.4 ya ƙaro UTF-8. Haruffa masu ƙugiya irin ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin ISO-8859-1, haka ma rubutun Larabci. In aka bar saiti a kansa, "Ƙa'idoji" zai isa wurin mai karɓa da alamar tambaya a madadin harafin farko. A shafin bayanan fayil a tabbatar ID3v2 yana kan UTF-16, wanda tsofaffi da sababbin manhajoji duk suke karantawa. WAV kuwa, kada a dogara da shi wajen ɗaukar bayanai: wata manhajar ta rubuta, wata ta ƙi gani.

Sunan fayil ma haka. Windows ba ta yarda da waɗannan alamomi a suna: \ / : * ? " < > da |. Linux kuwa ba ruwanta da yawancinsu, sai mutum ya sa wa fayil suna "Darasi 3: Tambayoyi?" ya tura, ya ƙi kwafuwa a can. Linux tana ɗaukar Hira.mp3 da hira.mp3 a matsayin fayiloli biyu. Windows, da Mac a saitinta na asali, suna ɗaukarsu ɗaya, sai ɗaya ya hau kan ɗaya. Sannan manhajojin Windows da yawa har yanzu suna cijewa idan cikakken adireshin fayil, da foldojinsa duka, ya wuce harafi 260. fre:ac tana gina sunan sabon fayil daga bayanan da ke manne, kuma tana tace haramtattun alamomin, amma in ka bar ta ta jera mai waƙa da kundi da lamba da take a folda da kuma a suna, adireshin zai yi tsawo da sauri. Ga naɗin da ba shi da bayanai, a sa ta riƙe sunan fayil na asali kawai. Akwai zaɓin hana haruffan Unicode a suna da na maye gurbin tazara; duka biyun suna da amfani in fayilolin za su hau filas ne zuwa rediyon mota.

Tunda an ambaci filas: mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. WAV ma a karan kansa iyakarsa ke nan, domin lambar da ke riƙe girmansa bit 32 ce. A ingancin CD wannan awa shida da kusan minti 45 ne, amma a samfuri 96,000 da bit 24 awa biyu da 'yan mintuna ne kawai. Dogon naɗi a mayar da shi FLAC, filas kuma a yi masa exFAT, wanda Windows da Mac da Linux na yanzu duk suke karantawa suna rubutawa.

Tace sauti kafin matsewa

Akwai matatu da za a iya kunnawa: sauya yawan samfuri, mayar da layi biyu ɗaya, ƙara ko rage ƙarfi. Na farkon ana buƙatarsa saboda MP3 bai wuce samfuri 48,000, to naɗin 96,000 dole ya sauko. Ga abin da zai shiga bidiyo, 48,000. Ga sauran, 44,100 ya yi. Ɗaga 22,050 zuwa 48,000 ba ya ƙara komai sai nauyi.

Mayar da layi biyu ɗaya yana da nasa sharri. In makirufo ɗaya aka jona, murya ta shiga layin hagu kaɗai, haɗawa za ta gauraya ta da shirun dama, ƙarfi ya ragu da kusan desibel 6. Mafi muni, in wayar makirufo ta juye har layi ɗaya ya zama kishiyar ɗaya, haɗa su zai sa su cinye juna, murya ta kusan ɓacewa. Da abin kunne ba a lura da wannan a fayil na asali, sai bayan an juya. A saurari minti ɗaya na fayil guda kafin a saki ɗari.

Inda ta gaza

fre:ac ba manhajar gyara ba ce. Yanke tari daga tsakiyar hira ko cire hayaniyar fanka aikin Audacity ne. Ba ta buɗe fayilolin da aka kulle da kariyar haƙƙin mallaka, irin tsofaffin M4P na iTunes. Babbar gazawarta a ganinmu ita ce, hanyarta ɗaya ce: ta warware, ta sake matsewa. Alhali wani lokacin mazubi kawai ake so a sauya. Bidiyon MP4 yawanci sautinsa AAC ne. In sautin kaɗai ake so, babu dalilin sake matse shi. Wannan aikin FFmpeg ne, manhajar da ake sarrafawa ta hanyar rubuta mata umarni a tagar umarni, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2000, kuma shi ma yana kan duk kwamfutocin uku:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vn -c:a copy sauti.m4a

Kalmar copy a nan tana nufin a ɗauko sautin yadda yake. Cikin 'yan sakanni ya gama, babu asarar komai. In ba ka tabbatar da abin da ke cikin fayil ba, rubuta ffprobe (yana zuwa tare da FFmpeg) da sunan fayil, zai nuna maka kodek, wato tsarin da aka matse sautin da shi, yawan samfuri da yawan layi. Wannan yana warware wata tsohuwar ɗabi'a: sauya wutsiyar fayil da hannu daga .opus zuwa .mp3. Sunan ne ya sauya, abin ciki yana nan. VLC zai kunna shi domin ciki yake dubawa, shi ya sa mai turawa ke rantsuwa fayil lafiya lau yake, na'urar mai karɓa kuma ta ƙi.

Daidaita ƙarfin murya tsakanin fayiloli ma FFmpeg ya fi ƙwarewa, ta matatar loudnorm, wadda ke auna yadda kunne ke jin ƙarfi maimakon tsinin igiyar sauti kawai. Ga lacca da za a rarraba:

ffmpeg -i lacca.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5 -ac 1 -ar 44100 -c:a libmp3lame -b:a 64k -id3v2_version 3 lacca.mp3

Abubuwa biyu a wannan layi ba na ado ba ne. Matatar loudnorm tana ɗaga yawan samfuri zuwa 192,000 yayin aikinta, don haka a faɗa mata inda za ta sauka da -ar, musamman in WAV ko FLAC ake fitarwa, in ba haka ba fayil ya fito da girman da ba a nema ba. Sannan FFmpeg yana rubuta ID3v2.4 ne in ba a ce masa komai ba, tsofaffin Windows irin 7 da wasu rediyoyin mota kuma ba sa karanta shi. Umarnin ƙarshen ne ke mayar da shi 2.3. Tazarar -1.5 ɗin kuwa don matsewar MP3 tana iya ɗan ɗaga tsinin sauti, in an cika shi taf tun farko sai ya riƙa tsagewa a lasifika.

Shafukan intanet masu juya fayil kyauta fa? Ga fayil ɗaya mara sirri suna fitar da kai kunya. Amma loda WAV na megabait 600 don a dawo maka da MP3 na 30 asarar data ce, ba ka san wane inji ko saiti suka yi amfani da shi ba, kuma naɗin taro ko hira da wani ya wuce ta kwamfutar da ba ka san mai ita ba. fre:ac tana yin duk juyawar a kan na'urarka ba tare da intanet ba. A Windows ma ana iya zuba ta a filas a kunna ta daga can ba tare da an girka ba, a Linux kuma akwai ta a AppImage, Flatpak da Snap, hanyoyi uku na rarraba manhaja a can. Mai amfani da na Flatpak ko Snap ya lura cewa a killace suke aiki: in foldar fitarwa tana kan filas ko wani faifai na waje kuma manhajar ta ƙi ganinta, izinin shiga wurin za a ba ta.